Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar shirin BASIC daga wata Commodore zuwa wata

Duk wanda ya kunna kwamfutar Commodore 64 (C64) zai ga shuɗin allo yana sanar da shi cewa siga ta biyu (V2) ta BASIC, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, ce a ciki, kuma akwai bayit 38911 da zai yi aiki da su. Ya kunna Commodore 128 (C128), sai ya tarar da BASIC 7.0 da bayit 122365. Kamfani ɗaya ne, kuma tushen yaren ɗaya ne, wanda Commodore ta saya daga Microsoft ta sa a kwamfutar PET ta 1977. Shi ya sa masu tono tsoffin shirye-shirye, ko a kan na'urar gaske ko a manhajar kwaikwayo irin VICE, suke ɗauka abin da ya yi aiki a wannan zai yi a waccan. Sai su ci karo da ?SYNTAX ERROR su ɗora wa faifai laifi, alhali faifan lafiyarsa ƙalau.

Kuskuren farko shi ne yarda da lambar sigar. PET ta samu BASIC 4.0 tun 1980, amma C64 da ta fito a 1982 sai aka mayar da ita kan V2, irin na VIC-20. Plus/4 da C16 na 1984 kuwa 3.5 suke ɗauke da shi, kuma yana da umarnin zane da sauti waɗanda babu su a 4.0. Saboda haka babbar lamba ba ta nuna cewa sigar ta haɗiye duk abin da ke ƙasa da ita. Abin da duk suka yi tarayya a kai shi ne V2 kaɗai.

Dalilin yawancin rikicin yana ɓoye ne a yadda ake ajiye shiri. Idan ka rubuta PRINT ka danna RETURN, na'urar ba ta ajiye haruffa biyar, lamba ɗaya take ajiyewa a madadinsu. A V2 waɗannan lambobi sun fara daga 128 sun tsaya a 203. Daga 204 kowace siga ta kama gabanta: a 4.0 lambar 204 tana nufin CONCAT, umarnin faifai, a 3.5 da 7.0 kuma RGR ce, ta fannin zane. Ka ga kenan shirin PET mai umarnin faifai, idan aka loda shi a C128, zai fito da kalmomin da marubucinsa bai taɓa rubutawa ba. A C64 abin ya fi muni, domin ba ta san komai sama da 203 ba: LIST, umarnin nuna shiri a allo, zai zubo shirme, kuma idan ya kai kan 204 sai ya tsaya cak da saƙon kuskure. Gyaran shi ne ka fitar da shirin a matsayin rubutu zalla ta amfani da sigar da aka rubuta shi da ita, ka gyara, sannan ka mayar da shi lambobi da sigar da kake nufa. Manhajar petcat da ke zuwa tare da VICE wannan aikin take yi, amma sai ka gaya mata sigar da kanka.

To ya za a gane sigar? Duba bayit biyu na farkon fayil ɗin, su ne adireshin da shirin ya fito. C64 tana fara BASIC a 2049, C128 a 7169, PET a 1025, Plus/4 da C16 a 4097. VIC-20 ce mai wahalar sha'ani: 4097 idan ba a ƙara mata memori ba, 1025 da ƙarin 3K, 4609 da ƙarin 8K ko fiye. A nan ne kuskuren LOAD yake shigowa. Mutane sun haddace LOAD"SUNA",8,1 saboda wasanni, suna buga shi a kan komai. Wannan 1 na ƙarshe yana tilasta wa na'ura ta zuba shirin a tsohon adireshinsa. Zuba shirin PET haka a C64, zai faɗa kan 1025, wato farkon memorin allo, ka ga haruffa sun watsu a fuskar talabijin. Ga shirin BASIC zalla, ,8 kawai ake so, na'urar za ta kai shi inda ya dace. PET ita ba ta wannan sauyin wuri ko kaɗan, kullum inda fayil ya ce take zubawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne kuskuren sunayen mazubai, wato wuraren da shiri ke ajiye lamba ko rubutu, domin mai shi bai yi wani ganganci ba. A V2 haruffa biyu na farko kaɗai ake dubawa, kuma suna ba ya ɗaukar kalmar umarni a cikinsa. SCORE ba ya aiki saboda akwai OR a tsakiya. TI da ST sunaye ne da na'ura ta keɓe wa kanta. DS ya zama na na'ura tun a 4.0, da 3.5 da 7.0 suka zo kuma sai ER da EL su ma suka bi sahu, don haka layi mai ER=0 da ya yi shekaru yana aiki a C64 zai faɗi a C128. Akwai kuma tarko mafi zurfi. Shirin C64 mai mazubi DO zai yi aiki a C128 idan an loda shi daga faifai, saboda an ajiye sunan a matsayin haruffa. Ranar da ka taɓa layin ka danna RETURN, na'urar za ta sake fassara shi, DO ya koma umarnin zagaye, layin ya mutu. Mutum ya gyara waƙafi ɗaya ya rasa abin da ya ɓata. Kafin ka taɓa komai, bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ka sauya waɗanda suka yi karo da sababbin kalmomi.

POKE da PEEK da SYS ba yare ba ne, hannu ne da ake zurawa cikin ƙarfen na'ura, kuma kowace na'ura da tsarin cikinta. Launin gefen allo a C64 yana 53280, na bango 53281. A VIC-20 duka biyun suna 36879. A Plus/4 gefen yana 65305. Allon C64 yana farawa a 1024, na PET a 32768, na VIC-20 a 7680 ko 4096 gwargwadon ƙarin memori. Mujallun shekarun 1980 shi ya sa suke buga rubutun shiri daban ga kowace na'ura. Babu gajeriyar hanya: kowane POKE sai an nemo ma'anarsa a taswirar memorin asali, sannan a nemo takwaransa. A C128 sai ka kula kuma da umarnin BANK, mai zaɓar sashen memorin da za a taɓa. Idan shirin ya cika da SYS, shawarata ka daina wahala, ka buga GO64 ko ka riƙe maɓallin Commodore lokacin kunnawa, na'urar ta koma C64.

Sai ƙananan abubuwa masu cin lokaci. ASC("") yana ba da 0 a C128, a C64 kuwa ?ILLEGAL QUANTITY ERROR. Rubuta ASC(A$+CHR$(0)) ya yi aiki a duka. FRE(0) a C64 yana nuna lamba ƙasa da sifili idan sauran memori ya wuce 32767, sai ka ƙara 65536. A C128 FRE(0) na shiri ne, FRE(1) na mazubai. Faɗin allo ma ya bambanta, harafi 22 a VIC-20, 40 a C64. Idan kuma shiri mai sarrafa rubutu da yawa ya daskare a C64 alhali yana gudu a C128, kada ka kashe na'urar. V2 ne yake share tsoffin rubuce-rubuce daga memori da tsohuwar hanyarsa mai jinkiri, wadda aka gyara tun a 4.0, kuma sharar kan ɗauki mintuna kafin shirin ya ci gaba.