Ga masu aikin wayarin da suka iso Ingila: kafin ku taɓa akwatin fiyus

Karo na uku ke nan a bana da wani ƙanenmu ya kira ni da daddare, muryarsa na rawa: "Yaya, na gama wa mutum aiki, wuta ta kama lafiya, amma ya ce in kawo takarda. Wace takarda kuma?" Duk sanda na ji haka sai in tuna kaina. Na gaji da maimaita bayani a ƙofar masallaci bayan Juma'a, shi ya sa na zauna rubutawa.

Aikin hannun ba zai ba ku wahala ba. Ƙarfin wutar 230 ne kamar na gida, soket mai ƙafa uku shi ne wanda muka sani tun a Kano, dama daga nan muka gaje shi. Launin waya ne ya canza, ja da baƙi sun koma ruwan ƙasa da shuɗi, kuma a tsohon gida za ka iya tarar da duka biyun a akwati ɗaya. Mako biyu kun saba.

Takarda ce ke kayar da mu. Tun 1 ga Janairun 2005 aka shigar da wayarin na gidajen zama cikin dokokin gini, a sashen da ake kira Part P. A Ingila, tun gyaran 2013, ayyuka uku ne dole hukuma ta san da su: jan sabon layi daga akwatin fiyus, canza akwatin kansa, da ƙari ko sauyi a wurare na musamman, kamar kusa da bahon wanka ko shawa. Ƙara soket a layin falo ba ya cikin waɗannan, amma shi ma sai ka gwada ka cike ƙaramar takardar shaida. Wanda ke Wales ya sani cewa kicin da aikin waje har yanzu suna cikin lissafinsu. Sikotland kuwa tsarinta daban ne gaba ɗaya, kada ka ɗauki maganata ka tafi da ita Gilasgo.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba lokacin da na zo. Wani dattijo ɗan garinmu ya ce akwatin fiyus ɗinsa ya tsufa, irin mai siririyar wayar da ake ɗaurawa idan ta ƙone. Na ce, "Baba, wannan ai aikin yini ɗaya ne." Na sayo sabo, na ɗaura, na ci tuwo a gidansa, ya sa mini albarka. Har yau ina tsaye a kan cewa aikin ba shi da aibu. Bayan 'yan shekaru ya tashi sayar da gidan, lauyan mai saye ya tambaya ko an yi aikin wuta tun 2005, ina shaidarsa. Baba mutum ne mai gaskiya, ya ce an yi. Daga nan ciniki ya tsaya cak.

Sai da muka je ƙaramar hukuma neman a halatta aikin da aka riga aka yi. Kuɗinsa ya fi na sanarwa tun farko, kuma ni na biya, don kunya ba za ta bar ni in bar wa tsoho ba. Aka turo mai dubawa, ya gwada kowane layi, ya samo matsala a tsohuwar wayar bene wadda ban ma taɓa ba, ya ce tunda na canza akwati ya kamata tun ranar na gwada na gano ta. Gaskiyarsa. Muka ɗaga katakon ƙasa, muka gyara, aka sake dawowa. Baba bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, "Allah Ya kiyaye gaba" kawai ya ce, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi watanni ina sauya sahu a masallaci don kada mu haɗa ido.

Hanyoyin halal a bayyane suke. Idan ba ka da rajista, a sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba, a biya, su duba. Ko a ɗauki mai rajistar da aka yarje wa duba aikin wasu, shi ma tun kafin ka ɗauki sukundireba. Wanda kuwa zai ci abinci da sana'ar nan, sai ya shiga ɗaya daga ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su, irin NICEIC ko NAPIT. Suna duba takardunka da inshorarka da na'urorin gwajinka, su bi ka su ga aikin da ka yi, kuma sukan dawo dubawa a kai a kai. Idan ka shiga, kai ke shaidar aikinka: ka ba mai gida takardar gwaji bisa BS 7671, wato ƙa'idojin wayarin na Birtaniya, ka sanar ta hannun ƙungiyar cikin kwana 30, takardar bin dokar gini ta iso masa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaron da zai biya kuɗin kwas na kwana biyar ya dawo yana cewa "na samu Part P". Part P doka ce, ba digiri ba. Takardar Trade Test da ka zo da ita ma, duk da gumin da ka zuba kafin ka same ta, ba za ta shigar da kai waɗannan ƙungiyoyi kai tsaye ba. Ka kai ta UK ENIC, cibiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, su auna matsayinta, ka yi jarrabawar bugu na 18 na ƙa'idojin wayarin, ka ƙara da ta dubawa da gwaji. Wanda ya daɗe a aiki akwai hanyar tantance gogaggu da ke kai shi mataki na 3 na shaidar ƙwarewa a sana'ar, ba sai ya koma aji daga farko ba. Kafin nan ka nemi aiki a ƙarƙashin mai rajista. Girman kai ne ke hana wasu, wai sun riƙe yara goma a gida. Yaranmu nawa suka bi wannan hanya, ga su yau da motocin aiki ɗauke da sunayensu, Turawa na layin jiransu.

Ku kuma yi hattara da masu gidajen haya, har da namu. Tun Afrilun 2021 doka ta wajabta musu a Ingila su sa a duba wutar gidan haya aƙalla duk shekara 5, su ba ɗan haya kwafin rahoton. Wani zai kira ka gefe ya ce, "Ɗan'uwa, sa mini hannu kawai, ga na shan ruwa." A satin da ya wuce wani ya yi mini wannan tayin. Na ce ya ba ni mabuɗi in je in duba gidan, har yau bai sake kira ba.