Yadda za ka gane tsutsar sharon tun tana cikin ganye

Yawanci sai an ga tumatir ya huje ake fara neman magani, alhali ɓarnar tun a ganye ta faro. Ƙwaron nan Tuta absoluta da manoma ke ce wa sharon asalinsa Kudancin Amurka ne, a 2006 aka fara ganinsa a Sifen daga nan ya bazu. In kana so ka riga shi sai ka san yadda yake rayuwa.

Uwar ƴar mitsitsiya ce mai fiffike, launin toka-toka, tsawonta bai wuce milimita 7 ba, da rana ɓuya take a ƙarƙashin ganye sai magariba take fitowa. Girgiza shukar da hannu, in ka ga wasu ƙanana sun tashi fir sun sake sauka nan kusa to su ne. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 260, ɗai-ɗai take liƙa su a ganye masu taushi, ganinsu sai da kyamarar waya gaskiya.

Kwana 4 zuwa 6 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganyen ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana cinye koren ciki. Tsinko ganye ɗaya ka ɗaga shi saitin rana, za ka ga wuri ya yi fari shara-shara kamar leda da baƙin kashinta tare a gefe, in ka ƙura ido har ita kanta za ka hango tana motsi, kore-kore ce in ta girma ta ɗan yi ja-ja. In kuma siririn layi ka gani mai lanƙwashe-lanƙwashe wannan tsutsar wani ƙuda ce daban, kar ka haɗa su. Feshin da ke tsayawa a saman ganye ba ya yi wa tsutsar sharon komai, don tana ciki abinta.

Bayan kamar sati biyu sai ta sauka ƙasa ko ta naɗe kanta a ganye ta kwanta, ta fito da fiffike. Lokacin zafi duka zagayen wata ɗaya ne ko ƙasa da haka, a shekara sai su hayayyafa sau 10 zuwa 12.

Ganyen da ka cire don Allah kar ka yar a gindin shuka, nan ne daidai inda take so, ka ƙona ko ka ƙulle a leda ka bar shi a rana. Tarkon ƙamshi kuma, wato wanda ake sa wa ƙamshi irin na macen ƙwaron, maza kawai yake ja, amma shi zai fara nuna maka sun iso gonar. Ka riƙa leƙa dankalin turawa da gauta ma, tana cinsu.