Yadda za ka haɗa fim ɗin da ɗan kallo ke zaɓar wa labari hanya

Irin fim ɗin nan ne da ana cikin kallo sai a tsaya a tambaye ka, jaruma ta buɗe ƙofar ko ta gudu, kai ka danna, labari ya bi inda ka ce. Ba yau aka fara ba fa, tun 1967 aka nuna fim ɗin Kinoautomat a bajekolin duniya na Montreal, 'yan kallo na danna ja ko kore daga kujerunsu, sai a 2018 da Netflix ta saki Bandersnatch abin ya game duniya.

Kar ka taɓa kyamara tukuna. Samo ƙananan takardu, kowace fitowa takarda ɗaya, ka manna a bango ka ja layi tsakaninsu. Nan take za ka ga inda gizo ke saƙar, domin in kowace mararraba ta rabu biyu to mararraba 5 kacal za ta haifar maka ƙarshe 32, wa ke da kuɗin ɗaukar wannan duka? Dabarar ita ce hanyoyi su rabu su ɗan yi nisa sannan su sake haɗewa. Amma don Allah kar ka yaudari mai kallo, in ya zaɓi jaruma ta tona asirin ƙawarta to ko bayan hanyoyin sun haɗe a ga alama, ƙawar ta ƙi amsa gaisuwa ko ta kau da kai. Ni a ganina zaɓin da ba a rasa komai a cikinsa gara ma a cire shi.

Daga nan ka zuba taswirar a Twine, manhajar tsara labari mai rassa, kyauta ce kuma ba sai ka iya kodin ba. Ba mutane su gwada, ka zauna bayansu ka yi gum, ka lura da inda hannu ya tsaya kan linzami ana jinkiri, wurin nan labarinka ke da rai.

Wajen ɗauka, duk rassan da ke faruwa a ɗaki ɗaya ka gama su rana ɗaya, kaya ɗaya, haske ɗaya. Sannan a kowace mararraba ka bar kyamara tana juyawa kamar sakan 10, jaruma na riƙe da hannun ƙofa tana numfashi, a lokacin ne mai kallo zai yanke shawara. A YouTube ma za ka iya, kowane reshe bidiyonsa daban, ka haɗa su da allon ƙarshe, wato hotunan da ake dannawa a ƙarshen bidiyo a tafi wani.

Maganar tallafi kuma, akwai IDFA DocLab a Amsterdam tun 2007, da Open Documentary Lab na jami'ar MIT, sai Electric South a Cape Town da ke horar da 'yan Afirka. Ka karanta sharuɗɗa da kyau kafin ka ɓata lokaci, wasu sai 'yan ƙasarsu, wasu kuma ba kuɗi suke bayarwa ba, horo ne ko wurin nunawa. Ka je musu da ɗan samfuri mai aiki ko na minti 3 ne, ya fi dogon turanci a takarda, kuma ka shirya amsar tambayar da ba ta wuce ka: me ya sa labarin nan sai da zaɓi?

Kuma ka ajiye ainihin bidiyoyinka da taswirar a wuri daban, domin da aka rufe Flash, manhajar da ake kunna irin waɗannan ayyuka da ita a intanet, a ƙarshen 2020 ayyuka masu kyau da yawa sun daina buɗuwa.