Kurakuran da aka fi yi wajen gwada ƙarfi da taurin kamfozit mai saƙar 3D

Gaskiya na gaji da ganin ɗalibai suna shigowa lab da tunanin wai kamfozit (zaren da aka ɗura wa rezin ya daskare) tunda saƙar 3D ce to ta fi mai leya-leya ƙarfi ta kowane ɓangare. Ina! Zaren ɗaurin nan da ke ratsa kauri daga sama zuwa ƙasa aikinsa hana leyoyi ɓarewa in abu ya bugu, shi yasa kamfanonin Safran da Albany suka yi fukafukan fankar injin jirgin sama na LEAP guda 18 da wannan saƙar, ko tsuntsu ya faɗa ciki su jure. Amma fa ba kyauta bane, duk inda ya ratsa sai ya ture zaren tsaye da na kwance su karkace, ya bar gurbin rezin zalla, kuma zaren kabon T300 taurinsa kusan 230 GPa ne (ma'aunin tauri kenan), rezin efoksi kuwa wajen 3 kacal, to ku lissafa da kanku.

Wanda yafi ƙona min rai shine yankan samfuri. Yaro ya buɗe ASTM D3039, ƙa'idar gwajin ja, ya ga faɗin milimita 25 sai kawai ya kama yanka, ko kallon girman zanen saƙar da ke maimaituwa baiyi ba. Abin nan ya taɓa cinye min faranti sukutum, na yanka siriri na manna ƙananan geji masu auna miƙewa, ashe wani ya sauka kan rezin wani kan zare, lambobi suka fito kamar ba daga faranti ɗaya ba, ga tsadar kabon ga lokacin da ya tafi a banza. Yanzu ni dai sai na ga zanen ya maimaitu aƙalla sau uku a faɗi kafin in yanka, kuma kyamarar DIC mai auna miƙewa daga hotuna nake sawa, wasu na cewa ɓarnar kaya ce, su suka sani.

Sannan ku daina yin gwajin ja kaɗai kuna murna, haba! Ja yana ɗan miƙar da karkataccen zare, a dannawa ne yake lanƙwashewa ya karye da wuri, kuyi gwajin dannawa na ASTM D6641 ku gani.

Tauri (ƙin miƙewa) daban, ƙarfi (abin da zai ɗauka kafin ya karye) daban, kar in ƙara ganinsu a shafi ɗaya. Ku sa alamar zaren tsaye da na kwance kafin yanka. Kar a matse mazubi fiye da kima, zaren ɗaurin murɗewa yake. In kunga kumfar iska ko busasshen wuri bayan ɗura rezin, ku ajiye farantin gefe ku sake wani.