Yadda ake zaɓen bindiga mai ɗana kanta don farautar barewa a Amurka

A jihar Mishigan, ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, a rufe ranar 30. A Wiskonsin kwana tara ake yi, kuma akwai ƙauyukan da harkoki ke tsayawa cik saboda ita. Wanda ya zauna a waɗannan wurare, ko ba jima ko ba daɗe wani maƙwabci ko abokin aiki zai ce masa ya zo su shiga daji. Idan abin ya shiga ransa, tambayar da ke biyo baya ita ce wace bindiga zai saya, kuma da yawa idonsu kan faɗa kan mai ɗana kanta.

Mu fara fahimtar abin da ake nufi da ita. Ba irin ta sojoji ba ce da ake danne kunama ta yi ta aman wuta. Wannan duk jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya ne. Bambancinta da mai sakata, wadda maharbi ke ja da hannu bayan kowane harbi, shi ne ita ke yi wa kanta wannan aikin. Akwai ɗan rami a jikin bututun, ta nan wani kaso na iskar albarushi ke bi ya tura sakatar baya, ta tofar da kwanson da aka harba, sai sifirin ya dawo da ita ta cusa sabon harsashi a maƙogwaro, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin harbi. Amfanin wannan ga mafarauci biyu ne: dukan da take yi wa kafaɗa ya fi sauƙi, sannan idonka ba ya barin barewar bayan harbi. Wanda ya saye ta don ya riƙa ruwan harsasai a kan dabbar da ke gudu, tun daga shago ya ɓata. Barewa da harsashin farko ake kayar da ita, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: karanta dokar jihar da za ka yi farauta

Kada ka taka ƙafa shagon bindiga sai ka karanta ɗan littafin dokokin farauta na bana. Hukumar kula da namun daji ta kowace jiha tana fitar da shi duk shekara, kyauta, a intanet da kuma shagunan sayar da lasisi. Na ce na bana ne domin dokokin suna sauyawa.

Abu uku za ka nema. Na ɗaya, an yarda da irin wannan bindigar kuwa? Pensilbaniya, wadda tana cikin jihohin da suka fi yawan mafarauta, a 2017 ta halatta doguwar bindiga mai ɗana kanta don ƙananan namun daji, amma ta bar haramcin a kan barewa. Ilinoyi ta yarda da doguwar bindiga don barewa daga 2023, sai dai mai cin harsashi ɗaya tak. Na biyu, harsashi nawa aka yarda ka zuba? Mishigan da New York shida ne gaba ɗaya, har da wanda ke maƙogwaro. Ohayo uku kacal. Na uku, wane irin harsashi? Bajiniya ba ta yarda da harsashin da kaurinsa ya gaza inci .23 ba, Kolorado kuma .24, don haka sanannen harsashin nan .223 bai shiga ba a can. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 1 ga Yulin 2019.

Akwai kuma dokar mallaka, wadda daban take da ta farauta. A shago mai lasisi za ka cike fom 4473, a tura sunanka hukumar FBI ta bincika. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta aiki, asalin doka ta hana shi riƙe bindiga, sai idan ya cika wani sharaɗi, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Ɗan uwa ɗalibi, wannan ba wurin ji-ta-ji-ta ba ne, tambayi lauya ko hukuma kafin ka taɓa ko ta aboki. Sannan yawancin jihohi ba sa ba sabon mafarauci lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta. Yi shi da zuciya ɗaya, ko da shekarunka sun ɗauke maka.

Mataki na biyu: je ka ga dajin

A dazuzzukan arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna, itatuwa a cushe suke. Barewa mai farin wutsiya kan ɓullo ne tsakanin kututture biyu, a yadi 40 ko 70, ta ba ka daƙiƙu kaɗan. Nan gajerar bindiga marar nauyi kake so, mai saurin hawa kafaɗa. A filayen yamma irin Wayomin da Montana kuwa, inda barewa mai manyan kunnuwa take, harbin yadi 250 ko 300 ba baƙon abu ba ne, kuma gaskiya a can mai sakata ta fi dacewa da yawancin mutane: ta fi sauƙin ɗauka a hawan dutse, kuma da kuɗi kaɗan za ka samu mai saiti sosai. Idan farautarka ta can ce, sake tunani kafin ka ci gaba.

Mataki na uku: zaɓi harsashi kafin bindiga

Nan ne mutane suka fi yin gardama, alhali abin ba shi da wuya.

Idan jiharka ba ta ƙayyade ba, .308 Winchester ya ishe ka. Tun 1952 yake kasuwa, babu ƙauyen da za ka shiga shagonsa ka rasa shi, kwansonsa gajere ne, bindigogi masu ɗana kansu suna tauna shi lafiya. Mai nauyin giren 150 ko 165, wato wajen giram 10 zuwa 11, zai kayar da kowace barewa a nisan da mai hankali ke harbi. Yayansa .30-06, na 1906, ya ɗan fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi dukan kafaɗa. Ga mai ƙaramin jiki, ko matashi, ko duk wanda ya lura yana runtse ido kafin bindiga ta tashi, akwai .243 Winchester da 7mm-08 da 6.5 Creedmoor. Babu abin kunya a nan. Ƙaramin harsashi a huhu ya fi babba a cinya nesa ba kusa ba. Manyan harsasan magnum kuwa ka bar wa masu farautar manyan dabbobi, barewa ba ta buƙatarsu.

Jihohin noma masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa-kusa, irin Ohayo da Ayowa da kudancin Mishigan, sun daɗe ba sa yarda sai da bindigar katirij ko ta toka, don gudun harsashin da zai yi nisa ya faɗa gidan wani. Daga 2014 wasunsu suka fara yarda da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, wanda ba shi da wuya irin na kwalba, saboda ba ya cin dogon zango. Shi ya sa .450 Bushmaster ya samu kasuwa, kuma Winchester ta fitar da .350 Legend a 2019 musamman don waɗannan dokoki. Na biyun ya fi taushi a kafaɗa, kuma zuwa wajen yadi 200 yana aikinsa.

Kan harsashin ma a duba. Na farauta shi ne mai buɗewa idan ya shiga jiki, ko mai bakin dalma ko na zallar tagulla. Wanda aka lulluɓe gaba ɗaya da ƙarfe, mai arha da ake atisaye da shi, ratsa dabba yake yi ya wuce, ta gudu ta je ta mutu cikin wahala inda ba za ka same ta ba. Jihohi da yawa sun haramta shi a farauta, kuma ko ba doka, tausayi ya isa ya hana ka.

Mataki na huɗu: gida biyu ne, zaɓi ɗaya

Gidan farko shi ne na bindigogin da tun asali don farauta aka ƙera su. Tarihinsu ya koma 1906, lokacin da Remington ta fara sayar da ƙirar John Browning wadda daga baya aka kira Model 8. A yau wadda ta fi suna ita ce Browning BAR, da ta fito a 1967, kuma ba ita ce BAR ta yaƙin duniya ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Akwai Benelli R1 ta Italiya. BAR da R1 dukansu fistan ke tura sakatarsu, jikinsu sumul yake ba ya kama reshe, magazin ɗinsu, wato akwatin zuba harsasai, ƙarami ne, don haka da wuya su saɓa wa dokar yawan harsashi.

Gida na biyu shi ne ƙirar AR, wadda ta samo asali daga aikin Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. AR-15 ita ce ƙarama, tana ɗaukar .350 Legend da .450 Bushmaster da 6.5 Grendel. AR-10 ita ce babba, mai ɗaukar .308 da 6.5 Creedmoor, amma idan ka ɗora mata madubin hange sai ta haura kilo huɗu, kuma za ka ji shi a wuyanka kafin azahar. Kyawun AR shi ne gindinta yana tsawo yana gajarta, kayan gyaranta ko'ina. Matsalarta, jihohi irin Kalifoniya da New York da Ilinoyi da Washington sun taƙaita ko sun hana sayar da ita, kuma dole ka nemi ƙaramin magazin na farauta. Yawancinsu kuma iskar albarushi kai tsaye take hurawa cikin sakata, don haka sun fi saurin yin baƙi.

Ni dai idan sabon shiga ya tambaye ni, kuma dajinsa mai duhu ne, BAR a .308 nake nuna masa. Idan jiharsa ta miƙaƙƙen kwanso ce kuma ta yarda da AR, to AR-15 a .350 Legend.

Ga mai neman ta hannu, a yi hattara. Remington 742 Woodsmaster, da aka ƙera daga 1960 zuwa 1980, tana cike da shaguna a farashi mai jan hankali, amma an san ta da cinyewar layin da sakata ke bi a ciki, kuma idan ya cinye gyaransa wuya. Ja sakatar baya, haska tocila ciki. Idan ka ga ƙarfen ya yi tsage-tsage kamar an ciccije shi, ajiye ta. Haska maƙogwaron ma, domin tsatsa a nan ke riƙe kwanso ya ƙi fita. Winchester Model 100 kuwa an yi mata kiranye a 1990 saboda allurar da ke dukan harsashi tana iya karyewa, sai ka tabbatar an sauya ta.

Mataki na biyar: gwada ta a jikinka

Je shago da rigar sanyin da za ka sa a daji, mai kauri. Bayan mai shago ya nuna maka babu komai a cikinta, juya bakinta inda ba kowa, rufe ido, ɗaga ta zuwa kafaɗa, kwantar da kumatu, sannan ka buɗe. Idan idonka ya faɗa daidai kan saiti, ta dace da kai. Idan sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai, nemi wata. Taɓa makullin kunama da safar hannu a hannunka, ka ji ko za ka iya buɗe shi ba tare da ƙara ba, domin barewa tana jin ƙaramin ƙyas daga nesa. Madubin hange mai ƙarfin 2-7 ko 3-9 ya wadatar, kuma a daji ka bar shi a mafi ƙanƙanta. Ware masa kuɗi mai kyau tun farko, saboda barewa da asuba da gab da magariba take fitowa, lokacin da madubi mai arha ke yin dishi-dishi.

Mataki na shida: filin atisaye

Bindiga mai ɗana kanta tana da zaɓen abinci. Sayi kwali biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, ka harba kowanne daga magazin ɗin da za ka shiga daji da shi. Wanda ya taɓa maƙalewa ko sau ɗaya, cire shi daga lissafi. Cikin sauran, ɗauki wanda ya fi tara ramuka wuri guda a yadi 100. Inci biyu ya isa, domin wurin da ake nema a barewa, zuciya da huhu a bayan kafaɗa, faɗinsa kamar na faifai ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda harsashin farko ke sauka daga bututu mai sanyi, don haka ka bar ta ta huce tsakanin gwaji. Bayan ka gama harbi daga kan tebur, tashi ka harba a tsaye, da durƙuso, da jingine da sanda. Nisan da kake samun faifan nan kowane lokaci, shi ne iyakarka a daji, ko da bindigar za ta iya fin haka.

Kafin ranar fita, wanke hanyar iskar da maƙogwaro, ka shafa mai kaɗan ƙwarai. A sanyin da ruwa ke daskarewa, mai da yawa kauri yake yi ya riƙe sakata.

Akwai ɗabi'a guda da dole ta zama jiki ga mai irin wannan bindiga. Da zarar ka harba, ta riga ta sake ɗana kanta, a daidai lokacin da zuciyarka ke bugawa kana son rugawa ka ga abin da ka samu. Mayar da makulli kafin ka ɗaga ƙafa. Wajen sauke ta kuma, cire magazin tukuna, sannan ka ja sakata ka fitar da na maƙogwaro, ka duba da ido ka taɓa da yatsa. Wanda ya juya wannan tsari ya bar harsashi a ciki bai sani ba. Idan a kan bishiya za ka zauna, hau da hannu biyu, ka jawo bindigar da igiya, babu harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Musulmi kuma ya yi bisimilla lokacin jan kunama, idan ya tarar da barewar da sauran rai ya yanka ta nan take, saboda haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan da za a rataya a ƙugu tun daga gida.