Babi na 6: Idan Abinci Yana Tsayawa a Ƙirji

Darasi na 1: Gane alama

Iyayena da yayyena, ku ɗora yatsa a maƙogwaronku, ku ja shi har ƙasan ƙirji. Ta nan ne bututun abinci ya bi zuwa ciki, tsawonsa wajen santimita 25. Ciwon daji yana iya tsirowa a jikin bututun, ya riƙa matse hanyar a hankali.

Alamar da aka fi gani ita ce wahalar haɗiya. Nama da burodi ne suke fara tsayawa, daga baya tuwo, a ƙarshe har koko da ruwa, mutum kuma yana ta ramewa. Ba kowace wahalar haɗiya ce daji ba, saboda haka ku kwantar da hankalinku, amma likita ne kaɗai zai bambance.

A nan ne mutanenmu na zango suke kuskure. Idan nama ya ƙi wucewa, sai mutum ya koma shan koko, ya ce ya sami sauƙi. Bai sami sauƙi ba, abincin ne ya yi laushi. Ku sake karantawa da ƙarfi: idan abinci yana tsayawa, a tafi asibiti. Kada a jira bayan salla, kada a jira jiƙo ya ƙare. Na sha faɗin wannan a aji, amma har yanzu wasunku suna kai wata da watanni suna jira, kuma wannan sakaci ne, domin da wuri ne magani ya fi aiki. A tafi asibiti.

Darasi na 2: Gwaji

Ku riƙe katin inshorar lafiya da takardar da ƙaramin asibiti ya ba ku zuwa babba, kamar Komfo Anokye a nan Kumasi ko Korle Bu a Ankara, babban birnin Ghana. Likita zai zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya gutsuri ɗan nama a auna. Kada ku ci komai kafin gwajin, yawanci na awa 6 ko fiye. Ku faɗa masa watan da abinci ya fara tsayawa.

Darasi na 3: Magani

Akwai tiyata, da allurar kashe ƙwayoyin daji, da gasa ƙwayoyin da hasken na'ura, kuma akan haɗa su. Idan hanya ta toshe, ana iya saka ɗan bututu ya buɗe ta.

Darasi na 4: Kariya

A bar taba da giya. Shayi ma a bari ya huce kafin a sha.