Mai barin Kaduna: fayil ɗinka na asibiti zai koma cikin wayarka

Mu a Kaduna mun saba da kati. Ka je asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, ka miƙa katinka, a nemo fayil a kai wa likita, abin da aka rubuta a ciki kuwa ba ka cika gani ba. Wanda ya sauka Ingila ko Amurka zai tarar da wani tsari dabam, domin sakamakon gwaji da sunayen magunguna da ranar ganin likita duk a waya ake duba su.

A Ingila farkon abin yi shi ne rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ce, kuma ta nan za ka samu lambar NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, mai alƙaluma 10. Sai ka sauke manhajar NHS App, wadda aka buɗe wa jama'a a 2019. Tana iya neman hoton fasfonka da ɗan bidiyon fuskarka kafin ta yarda kai ne. A Amurka babu manhaja ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kowane rukunin asibitoci da tasa, amma MyChart ce za ka fi cin karo da ita.

Ga inda sababbin zuwa ke yin sake: manhajar ba ta san ka ba. Duk jinyar da ka yi a gida, ko tiyata ce ko hawan jini ko haihuwa, ba za ta bi ka ba sai in kai ka ɗauko ta. Saboda haka tun kana Kaduna ka koma asibitinka ka nemi rahoton likita a rubuce, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Ka haɗa da katin rigakafin yara, da takardar gwajin jini da ke nuna AA ne ko AS ko SS. Maganin da kake sha kuma ka rubuta sunansa na asali da yawan miligiram, domin sunan kamfanin da ke jikin kwali ba lallai likitan can ya gane shi ba. Ko farasitamol ɗin nan da kowa ya sani, a Amurka acetaminophen ake ce masa.

Wani abin da ke tayar da hankali shi ne sakamako yakan riga likita isowa. A Amurka, tun watan Afrilun 2021 ƙa'ida ta hana asibitoci riƙe wa majinyaci bayanansa babu dalili, don haka kana iya ganin lamba da jan rubutu da tsakar dare alhali likitanka bai ko duba ba. Jan rubutu ba hukunci ba ne, sau da yawa lambar ce kawai ta ɗan tsallake iyakar da aka saba gani ga mai lafiya. Ma'aunin ma ya bambanta: sukarin jinin da Ingila za ta rubuta 7, Amurka 126 za ta rubuta, don ana ninkawa da 18. Don Allah kada a ɗauki hotonsa a jefa zauren WhatsApp na dangi, kafin gari ya waye an haɗa maka magani goma da ta'aziyya. Ka tura wa likitan saƙo ta manhajar, ka jira bayaninsa.

Sai batun lambar sirri. Mun saba ɗa ya riƙe wa Baba waya, ko maigida ya riƙe ta uwargida, amma a can akwai hanyar wakilci da asibiti ke buɗewa da izinin mai fayil, kuma ita ta fi tsafta. Iyaye ma ta nan suke ganin na 'ya'yansu, sai dai da yaro ya fara tasawa ana rage abin da suke gani.

Saƙon manhaja yakan ɗauki kwanaki kafin a amsa. In ciwon ƙirji ne ko numfashi ya sarƙe, a kira 999 a Ingila, 911 a Amurka.